Auren Kakanni da Littattafan Alƙalai: Inda Mai Neman Asali Zai Duba a Ƙasar Wudil

Duk mutumin Wudil da sha'awar sanin asalinsa ta kama shi, har ya ɗaura niyyar bin salsalar gidansu daga uba zuwa kaka zuwa kakan kaka, ba zai yi nisa ba sai wata tambaya ta tare masa hanya, watau wace ce ta haifi wane, daga wane gida aka ɗauko ta, kuma a wane zamani aka ɗaura auren. Domin sunayen maza suna zuwa a jere, ko yaro ƙarami yakan lissafa uku ko huɗu, amma da zarar an juya ga iyaye mata sai harshe ya yi nauyi. Idan kuwa ya taɓa jin labarin mutanen Ingila, waɗanda tun shekarar 1538 aka umarci limaman majami'unsu su riƙa rubuta kowane aure da baftisma da jana'iza, sa'an nan a 1837 gwamnati ta kafa tata rajistar, zai yi zaton akwai wani ofishi a Kano ko Kaduna inda aka jibge takardun auren kakanninsa suna jiran ya zo a buɗe masa. Ga mafi yawanmu babu wannan ofishi, kuma ba a taɓa yin sa ba. Kafin ya tuhumi magabata da sakaci, ya kamata ya san shari'ar da suka yi aure a kanta, domin ita ce za ta nuna masa inda alƙalami ya taɓa takarda da inda bai taɓa ba.

Mazhabar Imamu Malik, wadda ƙasar Kano take bi tun ƙarnoni masu yawa, ta gina aure a kan waliyyi da sadaki da siga, watau nema da bayarwa, tare da shaidu biyu adilai, ta kuma ƙayyade mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari. Haka ɗalibi yake karantawa a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, haka zai tarar in Allah ya kai shi Muhtasar na Shaihu Halilu, kuma a cikin sharuɗɗan nan duka babu inda aka ce sai an rubuta. Hujjar aure ita ce jama'ar da ta halarta. Wanda ya taɓa zama a zaure ko ƙofar masallaci ranar ɗaurin aure a Utai ko Darki ko Indabo ya ga yadda ake kafa wannan hujja da idonsa: wakilin ango ya gurfana ya nema har a ji muryarsa, waliyyi ya ce ya bayar bisa sharaɗin ci da sha da sutura, a ƙirga sadaki a gaban kowa, liman ya yi addu'a, sa'an nan sanƙira ya miƙe ya ɗaga murya yadda na bayan taro zai ji, ya ce an ɗaura auren wane ɗan wane da wance 'yar wane a kan sadaki kaza, lakadan ba ajalan ba, a shafa Fatiha, a raba goro da dabino, kowa ya kama gabansa ya zama shaida. Wannan tsari ya ishi al'ummar da kowa ya san kowa, kuma ya ishe ta har tsawon ran shaidun. Illarsa ɗaya ce, ita ce shaidu suna mutuwa.

Abin da ya rage a rubuce daga zamanin da ya gabaci Turawa kaɗan ne, kuma yawancinsa na gidajen sarauta ne. Littafin Tarihin Kano, alal misali, yana da wata ɗabi'a mai kyau wadda marubuta asali na yau suka kasa riƙewa, ita ce yakan ambaci sunan mahaifiyar sarki tare da na mahaifinsa. A nan muka san cewa Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, wanda Shaihu Almaghili ya sauka a birninsa, mahaifiyarsa mutuniyar Rano ce, kuma a nan aka jingina masa fara kulle. Da jihadi ya zo, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna a Kano ya wallafa Liya'ul Hukkami domin ya daidaita wa masu mulki da alƙalai aikinsu, a ɓangaren Wudil kuwa Joɓawa, mutanen Malam Bakatsine, suka tabbata da sarautar Makama. Zuri'ar irin waɗannan gidaje suna da masu riƙe musu salsala, da makaɗa da maroƙa waɗanda sana'arsu ke nan. Amma manomi da masunci da mahauci da ɗan koli, waɗanda su ne kakannin mafi yawanmu, sai bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903 sunayensu suka soma shiga littafi, shi ma ta wata ƙofa da ba a yi tsammani ba.

Turawa sun zo da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce dokar aurensu, wadda aka fara da ita a Ikko a 1884, aka shimfiɗa ta ga ƙasa duka bayan haɗewar 1914, kuma har yau tana nan da 'yan gyare-gyare: a kai sanarwa ofis, a manna ta kwana 21 ko wani zai yi jayayya, a ɗaura a majami'a mai lasisi ko gaban mai rajista, a ba ma'aurata takardar shaida a ajiye kwafi, da sharaɗin mace ɗaya har mutuwa ko saki a kotun Turawa. Wanda kakanninsa Kirista ne da suka sauka Sabon Garin Kano bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911, ofishin rajistar nan zai nufa, kuma yana iya dacewa da suna da kwanan wata da sa hannun shaidu. Musulmi kuwa ba abin da ya haɗa shi da wannan hanya, haka ma Bamaguje da ya yi aure bisa al'adar gidansu. Hanya ta biyu ita ce kotunan alƙalai, waɗanda Gwamna Lugga ya bar su da shari'arsu tun a dokar 1900, amma aka ɗora musu wani nauyi sabo; domin da aka fitar da hakimai daga birni aka zaunar da kowanne a gundumarsa, aka bi su da alƙalai, aka kafa Baitulmali aka yanka wa alƙali albashi, sai ya zama wajibi kowace ƙara a rubuta ta da kuɗin da aka karɓa a kanta, saboda in Di'o ya zo rangadi ya buɗe littafi ya gwada shi da abin da ya shiga Baitulmali. Lissafin kuɗi ne ya fi damun Bature, amma a garin tsare kuɗin nan sai muhuti da magatakarda suka adana mana sunayen mata da mazajensu da waliyyansu.

Sai dai mai bincike ya fahimci wani abu tun daga farko, in ba haka ba zai munana zato ga magabatansa ko ya yanke ƙauna: littafin alƙali kamar littafin asibiti yake, wanda ke da lafiya ba ya shiga cikinsa. Auren da aka ɗaura aka zauna lafiya shekara arba'in har mai rabawa ta raba bai bar ko ɗigon tawada ba, alhali wanda ya yi wata shida ya wargaje ya bar shafi guda. Mace takan shiga gidan miji ba da takarda ba, amma ranar fita kowa ya san abin da take cewa, “Ba ni takardata,” domin tana bukatar hujjar da za ta nuna wa waliyyinta da manemi na gaba cewa igiya ta yanke, saki nawa ne, kuma yaushe idda ta soma. Irin wannan 'yar takarda, da ajami ko da boko, ninke huɗu, gefenta ya ci, har yanzu akan tsince ta a ƙasan adakar tsohuwa in ta rasu, kuma sau da yawa masu share ɗaki ne suke zubar da ita.

A littafin kotu maganar ta fi wannan faɗi. Za a ga wance 'yar wane ta yi ƙarar mijinta wane a kan rashin ci da sutura, ko duka, ko kuwa ta nemi hul'i ta mayar masa da sadakinsa. In hul'i ne sai an ambaci adadin sadakin da kayan da miji yake da'awa, wani lokaci har da sunan manemin da zai biya. Za a ga kuma matar wanda ya yi nisan kiwo, ya tafi aikin kuza a Jos, ko hajjin ƙafa ta Sudan, ko yaƙin Bama, ba aike ba labari, ta zo tana neman alƙali ya raba. A hukuncin mafƙudi akan yanka mata shekara huɗu sa'an nan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, in kuwa bai bar mata abin ciyarwa ba ba sai ta jira haka ba. Daga irin wannan shari'a mutum yana iya gano dalilin da ya sa kakarsa take da 'ya'ya a gidaje biyu, da dalilin da ya sa ake kiran wani kawunsa agola a ɓoye. Akwai ma mas'alar da take rikita wanda bai yi fiƙihu ba, ita ce ta kwantacce: malaman Malikiyya sun yarda ciki yana iya daɗewa har shekara huɗu ko biyar, mafi ƙarancinsa kuwa wata shida, saboda haka in aka ga an jingina yaro ga mijin da ya saki uwarsa tun shekara biyu kafin haihuwa, kada a yi gaggawar cewa magatakarda ya yi kuskure, hukunci ne aka zartar da saninsa.

A ganina babu takardar da ta kai ta rabon gado amfani ga mai neman asali, domin ita kaɗai ce take tilasta wa alƙali ya jera iyalin mutum kaf, ba ya tsallake kowa. Ilmin fara'ili bai yarda a raba ko anini ba sai an san mata nawa mamaci ya bari, tun da tumuni, watau kashi ɗaya cikin takwas, nasu ne su raba in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. Sai an san 'ya'ya maza da mata, da ko iyayensa suna raye, da ko akwai mai ciki. In mace ce ta rasu sai an ambaci mijinta, wanda yake da rabi ko rubu'i. Kotu kuwa tana da dalilin kula, saboda a wancan zamani tana cire ushira daga abin da ta raba. To, a nan ne auren nan na shekara arba'in da bai taɓa zuwa gaban alƙali ba yake bayyana a ƙarshe, uwargida da amarya kowace da sunanta da rabonta. Wanda yake son ya ɗanɗana yadda rubutun wancan zamani yake, ya nemi littafin da Allan Christelow ya fitar a 1994, inda ya fassara zaɓaɓɓun shari'o'i daga littattafan majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914; galibinsu a kan gonaki ne da gidaje da bayi da jini, amma zai ga yadda magatakardan fada yake taƙaita magana da Larabci, da yadda mata suke zuwa da kansu neman haƙƙinsu.

Akwai wata ƙofa kuma wadda ba kowa yake son a buɗe ta ba, ita ce ta bauta. Dokar Lugga ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu na wannan shekara ɗa ne, amma waɗanda suke hannun iyayengijinsu sai su bi ta fansa ko murgu, ba a kuwa shafe bautar gaba ɗaya a doka ba sai 1936. A tsakanin nan kotuna suna ba da takardar 'yanci, ana kuma aika jerin waɗanda aka 'yanta ga ofishin Razdan, da suna da kimanin shekaru da ƙabila da wanda ya biya fansa. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, da suka bi waɗannan rajistoci a littafinsu na 1993, sun nuna cewa da yawa daga cikin matan maza ne suka fanshe su domin aure ko sa-ɗaka. Sa-ɗaka ba ta da sadaki, ba ta cin gadon ubangijinta, don haka ba za a gan ta cikin masu tumuni ba, amma ɗanta daidai yake da ɗan 'ya a wajen gado da nasaba, kuma sarakuna nawa ne aka haifa a irin wannan ɗaki. In mai bincike ya tarar da ɗa cikin magada ba tare da uwarsa cikin matan ba, alhali an san tana raye ba a kuma sake ta ba, ya riga ya sami ishara. Abin da zai yi da isharar kuwa yana bukatar hankali, domin gori bai mutu ba a garuruwanmu, kuma asirin ba nasa ne shi kaɗai ba, na duk wanda ya fito daga ɗakin ne.

Littattafan nan ba a wuri ɗaya suke ba. Tun daga 1968, da gwamnatocin jihohi suka karɓe kotuna daga hannun En'e suka mai da su kotunan yanki, sa'an nan a 2000 Kano ta dawo da sunan kotunan shari'a, an yi ta ƙaura da sauya gini, takarda kuwa ba ta son ƙaura, ga gara ga yoyo. Wani abu yana ma'ajin kotunan kansu, wani yana Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, rahotannin gundumomi da na haraji da rajistar 'yantattu kuwa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ne muhallinsu, ga kuma Gidan Arewa a can. Jerin masu biyan haraji da jangali, waɗanda Gwamna Abubakar Rimi ya soke a 1979, sunan maigida yake kamawa, ba ruwansa da matan gida. Dokokin baya-bayan nan sun yi ƙoƙarin cike giɓin: dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992 ta taɓo rajistar aure, tsarin mulki na 1999 ya sa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙaramar hukuma, Hukumar Hisba tana cike takardu ga auren zawarawa da aka soma a 2012, a 2024 kuma jihar ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, amma wannan duka jikokinmu ne za su amfana da shi. Wanda zuri'arsa ta ƙetara iyaka, kamar yadda fataucin shanu na kasuwar Juma'a ta Wudil ya ƙulla surukuta da mutanen Damagaram da Maraɗi, ya sani can dokar Faransa ce ta yi aiki, da dokar Mandel ta 1939 a kan yardar yarinya da shekarunta, da ta Jacquinot ta 1951 a kan dukiyar aure, kuma da Faransanci zai tarar da abin da ya rage.

Ko an buɗe masa ma'aji, magatakarda ba zai iya taimakon wanda ya zo da sunan Amadu kaɗai ba. Tsofaffin littattafai da shekarar Hijira suke tafiya. A cire kashi uku cikin ɗari a ƙara 622, sai 1350 ta faɗa wajen 1931. Sunaye kuma suna da tufafi biyu, wadda gida ya sani da Indo ko Binta ko Dije, littafi A'ishatu da Faɗimatu da Hadijatu ya sani, wadda ake kira Jummai ko Talatu kuwa mai yiwuwa ne babu mai rai da ya riƙe sunanta na yanka. Sunan gari da 'yan makarantar boko suka ɗauka a bayan nasu ba ya nuna dangantaka, mutum biyu masu amsa Wudil suna iya zama ba su haɗa komai ba sai gada da kogi. Ɗan riƙo ma yakan tashi da sunan wanda ya riƙe shi.

Saboda haka kafin Kaduna, kafin kotu, ɗakin tsohuwa ne mafari, amma a san wanda za a tura. Kunya ta hana mace faɗin sunan mijinta da na surukanta da na ɗanta na fari, in ɗanta ya tambaye ta sai ta kau da kai ta ce “mai gidan nan” ko “marigayi”, jika kuwa abokin wasa ne, shi ne yake iya zama a bakin gado ya ce, “Hajiya, kafin angon nan naki wa ya riga ni?” ta yi masa daƙuwa tana dariya, sa'an nan ta kwance masa bakin jaka. Kada a tambaye ta shekara, ba da ita ta yi lissafi ba. A tambaye ta da wane kuɗi aka biya sadakin uwarta, wuri ne ko fam da sule, domin naira sai 1973 ta zo. A tambaye ta wa yake sarauta, da abin da ya auku kafin biki ko bayansa, ko basasar da Yusufawa suka yi sansani a Takai a 1893, ko yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ko annobar marisuwa ta 1918, ko zuwan Sarauniyar Ingila a 1956. In ta ce ita da fam aka biya nata, Sarki Alhaji yana kan gado, kuma an riga an yi yunwar 'Yar Gusau, to ta ba da iyaka biyu ba ta sani ba, domin yunwar nan a 1942 aka yi ta, Sarki Alhaji kuwa, watau Abdullahi Bayero, ya rasu a 1953, mai bincike sai ya je ya roƙi magatakarda littattafan shekara goma sha ɗaya maimakon na hamsin.